Alhakin Likita ko na Asibiti? Nazarin Mace-macen Jarirai a Sashen Tiyatar Zuciya na Bristol, 1991 zuwa 1995

Tsakure

Maƙalar ta nazarci abin da ya faru a asibitin Bristol Royal Infirmary na Ingila, bisa rahoton kwamitin Farfesa Ian Kennedy na 2001. Matsayinta shi ne, a tiyatar zuciya alhaki ya fi rataya a wuyan asibitin da ya san sakamakon aikinsa ya yi shiru.

Abin da bincike ya gano

Kwamitin ya ƙiyasta cewa tsakanin 1991 da 1995, jarirai 30 zuwa 35 'yan ƙasa da shekara ɗaya sun rasu bayan an buɗe musu zuciya, ƙari a kan adadin da aka saba gani a sauran cibiyoyin Ingila. Likitocin ba mugaye ba ne, tsarin ne ya gaza. A wancan lokacin, a asibitin manya ake yi wa jarirai aikin, asibitin yara kuwa yana wani gini dabam. Ɗakin tiyata da ɗakin kulawa ta musamman ba a hawa ɗaya suke ba, don haka jaririn da aka gama ɗinke wa ƙirji sai an tura shi cikin lif. Babu kuma likitan fiɗa da ya keɓanta ga zuciyar yara kaɗai.

Dakta Stephen Bolsin, likitan sa barci, shi ya riƙa tattara alƙaluma yana kai kuka, shekara da shekaru ba a ɗauki mataki ba. Daga baya ya koma Ostareliya da aiki. A 1998 hukumar kula da likitoci ta Birtaniya ta soke rajistar likitan fiɗa James Wisheart da shugaban asibitin, John Roylance, ta kuma hana Janardan Dhasmana yi wa yara tiyata na shekara uku.

Tattaunawa

Hukuncin da aka yi wa Roylance shi ne abin lura, domin bai taɓa riƙe wuƙa a kan jariran ba. Laifinsa shi ne an ankarar da shi bai dakatar da aikin ba.

A fannin shari'a, ma'aunin Bolam na 1957 yana wanke likita muddin wasu ƙwararrun abokan aikinsa sun yarda da abin da ya yi. A tiyatar da ko gwani yakan rasa majiyyaci, wannan ma'auni da wuya ya kama gazawa, don mutuwa ɗaya ba ta nuna komai sai an jera ta da sauran. Game da neman yardar majiyyaci kuwa, a shari'ar Montgomery ta 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta wajabta bayyana wa majiyyaci duk haɗarin da mai hankali zai ba muhimmanci. A ganinmu, yawan mace-macen sashen kansa yana cikin irin wannan haɗari. Uwar da ta sa hannu a takardar amincewa ba tare da an gaya mata alƙaluman ɗakin da za a shigar da ɗanta ba, ba a nemi yardarta yadda ya kamata ba, kuma asibitin ne ya cancanci amsa wannan tuhuma a gaban kotu.