Dage

Dage (Mellivora capensis) dabba ce mai cin nama, ɗan'uwan wulbarin; shi wulbarin yana zaune a ƙasashen sanyi kamar Kanada da Sibiriya. Bayan dage fari-fari ne, cikinsa baƙi ƙirin, namiji kan kai kilo 9 zuwa 16. Ana samunsa a gandun Tarmit da Tin Tumma, wanda Nijar ta keɓe a 2012, gabas maso arewa da Kelle ta ƙasar Gure. Fatarsa kauri gare ta, ga saki, har yakan juyo ya ciji abin da ya kama shi. Yana tona ramuka da farata, ya ci ɓera, kunama, maciji da ’ya’yan ƙudan zuma. Macen takan haifi ɗa guda, shi ya sa kisan dage ɗaya ba ƙaramar asara ba ce.