Daga Madubi Zuwa Kwamfuta a Ajin Kurame

Da madubi da guntun auduga muka fara wannan aiki. Malami zai zaunar da yaro gaban madubi su riƙa kallon leɓɓan juna. A sa masa auduga a tafin hannu, in ya ce "fa" ta tashi, in ya ce "ba" ta tsaya. Sannan ya taɓa maƙogwaron malami ya ji rawar murya, ya nemo irinta a nasa. Dabarar tsohuwa ce. Tun a taron Milan na 1880 malaman Turai suka yanke cewa da baki za a koyar da kurma, aka kori hannu daga aji.

Mu tamu ta zo daban. Andrew Foster, baƙin Ba'amurke kuma kurma, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960 da alamun hannu na Amurka. A 1977 aka kafa ta Tudun Maliki a Kano, mu kuma nan kudancin Katsina muna da ta Malumfashi. Alhali tun kafin duk wannan, kurame na hirarsu a kasuwa da maganar hannu ta Hausa, wadda Constanze Schmaling ta yi wa littafi a 2000.

A ɓangaren koyar da magana kuwa, a 1988 kamfanin IBM ya fito da wata manhajar kwamfuta mai suna SpeechViewer. Yaro ya yi sauti a makirfo, sai balan-balan ta kumbura a allo gwargwadon ƙarfin muryarsa, ko layi ya hau ya sauka yadda muryar ke hawa da sauka. Abin da madubi ya kasa ke nan. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma leɓe ba ya nuna kari, ba ya raba "b" da "ɓ". Kwamfuta aƙalla tana nuna karin ƙuru-ƙuru.

Waɗanda suka fi amfana da irin wannan horo su ne yaran da suka riga suka iya magana kafin ƙyanda ko sanƙarau, irin annobar 1996, ya tafi da jinsu. Su riƙe musu murya ake yi kada ta shuɗe. Wanda aka haifa kurma kuwa, allo kaɗai ba zai ba shi harshe ba, kuma zalunci ne a hana shi hannu ana jiran baki.

Yau wayar da ke aljihun manomi a Matazu ta fi waccan kwamfuta ƙarfi, sai dai yawancin manhajojin horar da murya don Turanci aka yi su. Idan uba ya tambaye ni, "Malam, zai yi magana?" tambayata ta farko ita ce shekarun yaron nawa lokacin da ya daina ji.