Tarihin Lissafin Tafiyar Seleniyom a Jikin Ɗan Adam

Seleniyom sinadari ne da jiki ke buƙatarsa ɗan ƙanƙani, mikrogiram 55 a rana ga baligi bisa ƙa'idar da Amurka ta fitar a 2000. Berzelius, masani ɗan ƙasar Suwidin, shi ya gano shi a 1817. Littattafan da ke cewa 1818 shekarar da aka buga bayanin suka riƙa. An daɗe ana yi masa kallon guba, domin a shekarun 1930 aka tabbatar shi ke lalata kofaton dawaki da shanu a Dakota ta Kudu. Sai a 1957 Klaus Schwarz da Calvin Foltz suka nuna cewa rashinsa ma cuta ne, daga baya kuma likitocin Sin suka kare yara da shi daga ciwon zuciya na Keshan.

Tambayar da ta rage ita ce: idan an haɗiye shi, ina yake bi, kwana nawa yake yi? Masu ba da wannan tarihi sukan fara daga Amurka, kuma hakan tauye haƙƙi ne. A Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, inda ƙasar noma ke da ƙarancin seleniyom, aka soma bin sawunsa da gaske. A 1974 Thomson da Stewart suka ba wasu mata seleniyom mai alamar tururin nukiliya, suna auna jini da fitsari da bayan gida, a 1976 kuma aka maimaita da nau'in da ke cikin hatsi, wato selenometiyonin. Marion Robinson ce jigon wannan tawaga.

Cikakken lissafin ya zo a Amurka a 1989, lokacin da Blossom Patterson da Orville Levander da abokan aikinsu suka ba mutum shida mikrogiram 200 na seleniyom-74 a nau'in gishiri, wato selenayit, wanda ba ya fitar da tururi. Suka kasa jiki gida-gida a kwamfuta, hanji da hanta da jini da tsoka, suka lissafa abin da ke shiga kowane gida da abin da ke fita. Jiki ya sha kusan kashi 84 cikin 100 na selenayit ɗin. A 1991 Christine Swanson ta jagoranci irin wannan aiki a kan selenometiyonin, aka ga kusan kashi 98 ake sha, kuma yana daɗewa ƙwarai. Dalili kuwa, jiki ba ya bambance shi da metiyonin, wani sinadarin gina jiki, sai ya gina shi cikin tsoka, idan tsokar ta sabunta ya dawo jini a sake amfani da shi. Wannan ne mafi girman abin da lissafin ya koyar. A 2011 Meryl Wastney da Gerald Combs da wasu suka haɗa nau'o'in biyu a lissafi ɗaya.

Duk waɗannan lissafe-lissafe na kwamfuta a kan Amurkawa aka gina su, masu cin alkama da nama. Mutumin Minna kuwa sakwarar doya da tuwon dawa da masara da shinkafa ne cimarsa, kuma seleniyom ɗin da ke cikinsu daga ƙasar gona yake. Binciken da aka buga a 2021 kan hatsin Malawi da Habasha ya nuna yawansa na sauyawa daga gunduma zuwa gunduma. Saboda ƙarancinsa a ƙasar gona, Finlan ta fara zuba shi cikin takin zamani tun 1984.