Firam ɗin farantan sola a kan rufin gida: yadda ake ƙera shi a Salaga, Yendi da Bawku

Firam ɗin sola shi ne ƙarfen da ake kafawa a kan rufi domin ya riƙe farantan da ke mayar da hasken rana lantarki. A zangunan Salaga, Yendi da Bawku a arewacin Ghana, magidanta da yawa kan sayi faranti da batir da inbata, amma firam sai a kira mai walda na unguwa ya haɗa, domin na kamfani ya fi tsada. Aikin ba shi da wuya, sai dai kuskure kaɗan a cikinsa kan jawo yoyon ɗaki, ko raguwar wuta, ko iska ta yi gaba da faranti har da kwanon rufin.

Kamfanin NEDCo, reshen hukumar VRA, shi ke raba wuta a waɗannan garuruwa. Sha'awar sola ta ƙaru tun zamanin yawan ɗauke wuta da ake kira dumsor, tsakanin 2012 da 2016, kuma a Navrongo, cikin Yankin Upper East inda Bawku take, VRA ta buɗe tashar sola a 2013.

Fuska da karkata

Salaga tana kusan digiri 8 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, Yendi digiri 9 da rabi, Bawku kuma digiri 11. Saboda haka faranti yana fuskantar kudu, a karkace gwargwadon wannan adadi. A aikace ana zaɓar digiri 10 zuwa 15, don idan ya kwanta shimfiɗe ruwan sama ba ya wanke shi, kuma ƙurar hunturu tana taruwa a kansa. Karkatar da ta wuce haka ma ba ta da riba, domin daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana ratsawa ta ɗan arewa da tsakiyar sama. Ma'aunin digiri 15 ya dace har da Dapaong a Togo da Maraɗi a Nijar.

Wasu kan nemi kudu da alƙibla, su ce hannun daman mai salla. A wannan yanki alƙibla ta karkata arewa da gabas da kusan digiri 22, don haka hannun daman mai salla ya kauce wa kudu da wannan adadin. Hanya mafi sauƙi ita ce kamfas na wayar hannu, ko inuwa. Garuruwan uku suna dab da layin Greenwich, Ghana kuma tana bin agogon GMT, saboda haka a ƙarshen Disamba inuwar sandar da aka kafa a tsaye tana nuna arewa da ƙarfe 12 na rana.

Lissafin ƙafafu

Babban faranti mai wat 550 yana da tsawon kusan mita 2.28, faɗin mita 1.13, da nauyin kilo 27 zuwa 28. A kan shimfiɗaɗɗen rufi, don a sami digiri 15, ana ninka tsawon gefen da zai karkata da 0.26. Idan an ɗora farantin a tsaye, ƙafar baya za ta ɗara ta gaba da santimita 59. Idan a kwance ne, santimita 29. Ɗorawa a kwance ta fi aminci, don iska ba ta samun wurin kamawa sosai. Inda rufin kwano ya riga ya gangara kudu da kusan wannan karkata, ba a bukatar dogayen ƙafafu, a bi gangaren kawai.

A bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin kwano da faranti domin iska ta riƙa ratsawa. Ana auna ƙarfin faranti ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage masa kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bawku kan kai digiri 40, faranti zai iya haura digiri 60, wanda aka manna wa kwano kuwa ya fi haka. Idan layi biyu ne, a bar fili aƙalla ninki biyu na tsayin layin gaba, don kada inuwarsa ta faɗa kan na baya.

Kayan aiki

Masu walda sun fi amfani da ƙarfe mai kusurwa, wanda suke kira angul, mai faɗin milimita 40 da kaurin 4. Kowane layi yana bukatar dogayen ƙarafa biyu, kowanne a kusan rubu'in tsawon faranti daga bakinsa, daidai da ramukan da kamfani ya huda. Kada a huda sabon rami a jikin faranti: kan bituwa na iya taɓa gilashi, kuma yawancin kamfanoni suna soke garanti a kan haka.

A kammala walda a ƙasa, a goge tsatsa, a shafa jan fentin hana tsatsa, sannan fenti na biyu. Tartsatsin walda yana ɓata gilashi da kwano, shi ya sa ba a yin ta bayan an ɗora faranti. Gefen faranti alminiyum ne, kuma idan ya haɗu da baƙin ƙarfe a cikin danshi sai ɗaya ya riƙa cin ɗaya. Maganinsa a sa roba a tsakani, a ɗaure da noti marar tsatsa. Wannan ya fi muhimmanci a Salaga, wadda ta fi Bawku samun ruwan sama. Katako yana da araha, amma gara da rana suna cinye shi, musamman mai taushi irin wawa.

Iska ce babbar barazana

Nauyin faranti ba shi ne abin tsoro ba. Guguwar farkon damina, wadda kan yaye rufin gidaje da makarantu a arewacin Ghana har hukumar agaji ta NADMO ta kai ɗauki, ita ke gwada ingancin firam. Iska mai gudun kilomita 108 a awa tana matsa kowace murabba'in mita da ƙarfin kusan kilo 55. Faranti mai wat 550 ya kai murabba'in mita 2.6, ke nan ƙarfin da zai iya fizgar sa ya kai kilo 140, ninki biyar na nauyinsa.

Don haka ba a ɗaure firam a jikin kwano kaɗai. Noti dole ya ratsa ya kama rafta ko katakon da aka kafa kwanon a kai, kuma kafin nan kafinta ya duba ko katakon na da rai, ko shi ma a ɗaure yake da bango. Ana huda kwano a kan tudunsa, ba a kwarin da ruwa ke bi ba, a sa washa ta roba. A nisanci baki da kusurwoyin rufi da aƙalla rabin mita, don nan iska ta fi ƙarfi. A ƙara ƙarfe ɗaya a gicciye tsakanin ƙafafun baya, ya hana firam rawa.

A rufin kankare ana kafa ƙafafu da notin kankare ko a cikin tubalan siminti masu nauyi. Ɗakin jinka da soron ƙasa ba su dace da firam ba; gara a kafa ginshiƙin ƙarfe a tsakar gida, a zuba masa kankare, nesa da inuwar mangwaro ko dogon yaro.

Wuta, ɓarayi da kulawa

Ana haɗa firam da gefen kowane faranti da wayar tagulla mai kauri zuwa sandar da aka binne a ƙasa, domin wutar da ta ɓalle ta sami hanya. Wannan da sauran haɗin waya aikin mai lasisi ne: dokar wayoyin lantarki ta Ghana ta 2011, L.I. 2008, ta tanadi cewa wanda Hukumar Makamashi ta tantance shi ne zai ja waya a gini. Wayoyi a ɗaure su a jikin firam, kada su kwanta kan kwano mai zafi ko bakinsa mai kaifi.

Saboda ɓarayi, wasu kan sa notin da ba ya kwancuwa da sufana ta kasuwa, ko ƙarfe mai kwado a gicciye ta ƙasa. Hawa rufi kuwa a yi shi da sassafe, mutum biyu, a taka kan layin ƙusoshi, a kuma kula da wayar NEDCo idan ta bi kusa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu a riƙa wanke faranti duk mako da ruwa da tsumma mai laushi, da safe kafin gilashi ya yi zafi. A watan Maris, kafin hadarin farko, a sake ɗaure kowane noti, a canza robar da ta tsage, a shafa fenti duk inda tsatsa ta fito.