Stephen Merchant da Ɗakin Marubutan Amurka

Wani ra'ayi ya yi kaka-gida a nazarin wasan barkwanci na talabijin, wai marubucin Ingila na shan wuya a Amurka ne saboda barkwancinsa ɗaci gare shi, Amurkawa kuwa sai da zaƙi. Stephen Merchant, ɗan Bristol, shi aka fi kafa hujja da shi. Tarihin sananne ne: shi da Ricky Gervais suka rubuta wa BBC shirin The Office, kashi 14 tsakanin 2001 da 2003, NBC ta ɗauka a 2005 ƙarƙashin Greg Daniels, aka yi kashi 201 zuwa 2013.

A ganina, an ɗora wa halin al'umma nauyin da ya kamata a ɗora wa tsarin aiki. A Ingila mutum ɗaya ko biyu kan rubuta zango mai kashi 6, su ajiye alƙalami. A manyan tashoshin Amurka kuwa ɗaki ake cikawa da marubuta, shugaban shiri ke yanke hukunci, kuma ana jiran kashi 20 da 'yan kai duk shekara.

Masu wancan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi, ba kuma zan raina ta ba. Suna cewa a dubi Michael Scott, shugaban ofis a shirin na Amurka: a zangon farko kusan David Brent, takwaransa na shirin BBC, ne aka canza wa suna, masu kallo suka yi ta raguwa, sai a zango na biyu aka tausasa shi, shirin ya miƙe. To, ba zaƙin ke nan ba? Amma a lura, zangon farko kashi 6 ne, na biyu 22. Shugaban ofis mai tozarta kansa, wanda ba kowa ke ƙaunarsa ba, ana iya jure masa na ƴan makonni. Zama da shi daga kaka zuwa bazara wani abu ne daban. Mai yiwuwa tsawon tafiyar ne ya tilasta tausasawar, ko da wace ƙasa ce ke kallo. Kuma da Merchant da Gervais suka rubuta kashin "The Convict" a 2006, sun bi Michael ɗin da ɗakin ya riga ya gina, ba su mayar da shi Brent ba.

Sai dai shirin Hello Ladies ya sa dole in taƙaita iƙirarina. HBO ta ba Merchant kashi 8 a 2013, kusan ma'aunin Ingila, yana aiki da Lee Eisenberg da Gene Stupnitsky, tsofaffin marubutan The Office na Amurka, duk da haka aka dakatar da shirin bayan zango ɗaya. Tsarin aiki bai bayyana wannan ba. Abin da zan iya tsayawa a kai kawai shi ne ɗaci ma bai bayyana shi ba, domin a wannan tashar dai, a waɗannan shekarun dai, Simon Blackwell, shi ma ɗan Ingila, yana cikin marubutan Veep, shirin da babu mutumin kirki a cikinsa sai ƙalilan, ya kuma kai zango 7.