Filin Ebbets: Yadda Mutanen Buruklin Sunka Rasa Dandalinsu

A shafin tarihi na wannan lamba za mu ƙetare teku, mu tafi Amurka, ga wani yanki na birnin Niyok da ake ce ma Buruklin. Mutanen wurin sun yi wani rashi wanda har yau tsofaffinsu ba su bar zancenshi ba, alhali ba sarkinsu ya mutu ba, ba a ci su da yaƙi ba. Ƙungiyar wasansu ce ta yi ƙaura a 1957, anka rushe filinta a 1960. Muna so mu duba mi ya sa abin ya yi musu zafi haka, kuma mu duba ko laifin na mutum guda ne kamar yadda suke faɗi.

Wasan sunanshi besbol, kuma bai yi kama da balo da yaranmu ke bugawa da ƙafa a filin lakwal ba. Kowane gefe mutum 9 ne. Ɗaya ya jefo ƙwallo mai tauri, kamar dunƙulen hannu, abokin gaba ya tarbe ta da gora. In ya buga ta yi nisa, sai ya sheƙa ya kewaye masauki 4 ya komo inda ya tashi, an ci ɗaya ke nan. Babu agogo, zagaye 9 ake yi kome daɗewa. Abin da za ku riƙe shi ne yawan wasan. A wancan zamani kowace ƙungiya tana wasa 154 tsakanin Afrilu da ƙarshen Satumba, rabi a gida. Ke nan sau 77 a shekara ake buɗe ƙofar filin, wato ya fi kasuwar mako ci. Abin da mutum yake gani kusan kullum ya zama cikin rayuwarshi, kamar rijiya ko inuwar da tsofaffi ke zama.

Buruklin gari ce mai cin gashin kanta har 1898, shekarar da anka haɗe ta da Niyok. Tun daga nan mutanenta suke jin an maida su ƴan rakiya. Manyan bankuna da dogayen benaye suna hayin kogi, a Manhatan. Su kuwa ƴan ƙwadago ne, masu aikin tashar jiragen ruwa da masana'antu, yawancinsu ɗiyan baƙi: Yahudawa, Italiyawa, mutanen Ayalan, da baƙar fata. A 1950 sun zarce mutum miliyan biyu da dubu ɗari bakwai. Harshen gida daban, addini daban, abinci daban. Abu guda da ke ɗauke da sunan garinsu ya kai shi ko'ina cikin ƙasa shi ne ƙungiyar Dodgers. Sunan ma daga titi ya fito: taragon lantarki ya yi yawa cikin garin, mai tafiya ƙasa kullum yana kauce-kauce, sai anka laƙaba musu "masu kauce ma tarago".

Wanda ya gina filin shi ne Charles Ebbets. Da saida tikiti ya fara aiki a ƙungiyar a 1883, a hankali har ya zama mai ita. Ya bi wata unguwar talakawa da ake ce ma Garin Aladu, saboda jujin da ke wurin, yana sayen fegi ɗaya bayan ɗaya a asirce don kada masu su tada kuɗi. Ginin ya ci dala 750,000 (dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba), anka buɗe shi cikin Afrilu 1913. Fili ne matsattse, gidaje da tituna sun kewaye shi ta ko'ina. Ko bayan an ƙara mashi kujeru, wajen mutum 32,000 yake ɗauka. Amma matsin nan shi ne daɗinshi. Ƴan kallo suna kusa da ƴan wasa har suna iya kiran mutum da sunanshi ya waiwayo. Akwai wata mata, Hilda Chester, da ke zuwa da ƙararrawar shanu tana kaɗawa. Akwai wasu makaɗa ƴan sa-kai da ba su iya kiɗin sosai ba, suna tsokanar alƙalan wasa da ganga da ƙaho. Wani mai kantin tufafi, Abe Stark, ya kafa allo a gindin katanga, ya yi alkawarin kwat kyauta ga duk wanda ƙwallonshi ta bugi allon, alhali kullum akwai ɗan wasa tsaye gabanshi yana tsaro. Daga 1939 kuma Red Barber yana bada labarin wasa a rediyo, har ana cewa mutum ya iya ratsa unguwa da ƙafa bai rasa kome ba, don kowace taga muryar ke fitowa. Ƴan wasa da dama cikin garin suke haya. Gil Hodges ma ɗiyar Buruklin ya aura, ya zauna nan.

Ba yawan nasara ya sa ake son su ba. Sun daɗe suna abin dariya, har masoyansu da kansu ke kiransu ƴan zaman banza, amma kada baƙo ya kuskura ya faɗi haka. Da sunka yi ƙarfi kuma, sai wata masifa ta same su. Akwai gasar ƙarshen shekara da Amurkawa ke ce ma Gasar Duniya, ko da yake a lokacin babu ƙungiyar wata ƙasa a ciki. Dodgers sun kai ga wannan gasa a 1941, 1947, 1949, 1952 da 1953, kuma duk sau biyar ɗin ƙungiya guda ta kada su, wato Yankees, masu arziki na wancan gefen birni. A 1951 sun ba maƙwabtansu Giants ratar wasa 13 cikin Agusta, anka cim musu, bugu guda na Bobby Thomson ya fidda su ran 3 ga Oktoba. Kowace shekara maganar guda ce a bakin mutane: a jira baɗi.

A wannan fili ne kuma anka yi abin da ya fi wasa girma. Shekaru wajen sittin ba a yarda baƙar fata ya shiga manyan ƙungiyoyin besbol ba, nasu daban suke yi. Shugaban Dodgers, Branch Rickey, ya ɗauki Jackie Robinson, ya tura shi Mantiriyal ta Kanada shekara guda, sannan ran 15 ga Afrilu 1947 ya fito Filin Ebbets da lamba 42 a bayanshi. Masu begen filin suna son wannan labari, kuma suna da gaskiya. Sai dai mu a ganinmu sukan tsallake ɗacinshi. Wasu abokan wasanshi sun yi ƙoƙarin haɗa takarda don kada a sa shi. Ya sha zagi daga bencin ƙungiyar Filadelfiya, ya sami wasiƙun barazanar kisa, kuma an ɗauki alkawari gare shi cewa ba zai rama ba. Haƙurin nashi ne, ba na gari duka ba. Bayanshi Roy Campanella da Don Newcombe sunka shigo, baƙar fata daga nesa sunka riƙa zuwa kallo, ƙungiyar ta zama tasu su ma.

Baɗin da ake jira ta zo ran 4 ga Oktoba 1955. A wasa na bakwai, wani saurayi mai suna Johnny Podres ya hana Yankees cin ko ɗaya, anka tashi 2 da 0. Gari ya kwana yana biki, motoci na busa, coci na kaɗa ƙararrawa. Shi ne kofi na farko, shi ne kuma na ƙarshe a Buruklin. Shekara biyu kaɗai ta rage musu.

To, ina ƙaurar ta fito? Mai ƙungiyar a lokacin lauya ne, Walter O'Malley, wanda ya karɓi ragama a 1950. Ba asara yake yi ba, Dodgers na cikin ƙungiyoyin da sunka fi kowa riba. Amma ya ga filin ya tsufa, kuma wurin aje mota bai wuce na guda 700 ba. Ya ga ƙungiyar Braves ta bar Boston zuwa Milwoki a 1953, ta sami sabon fili da gari ya gina, ƴan kallo sunka zarce miliyan biyu a shekara. Nashi kuwa sun sauka daga miliyan 1.8 a 1947 zuwa miliyan ɗaya da ƴan kai. Sai ya ce shi zai gina sabon fili da kuɗinshi a mahaɗar titin Atlantic da Flatbush, kusa da tashar jirgin ƙasa, in hukuma ta tattara mashi ƙasar. Wanda ke riƙe da gine-ginen birni, Robert Moses, ya ƙi. Ya ce dokar karɓar ƙasa ba don amfanin ɗan kasuwa anka yi ta ba, ya nuna mashi wani wuri a Kwins, wajen Buruklin. Ana cikin wannan ja-in-ja, hukumar Los Anjalas ta yi tayin eka wajen 300. O'Malley ya riga ya saida Filin Ebbets dala miliyan 3 tun 1956, yana zaman haya a ciki. Ran 8 ga Oktoba 1957 anka bada sanarwa. Ƙungiyar ta tafi nisan kilomita wajen 4,000, wato Yamai zuwa Damagaram sau huɗu da ɗori. Giants su ma sunka bi ta yamma, sunka sauka San Faransisko.

Mutanen Buruklin ba su yafe ma O'Malley ba. Akwai wani labari da ake yawan bayarwa na ƴan jarida biyu ɗiyan garin, kowa ya rubuta mugaye uku da sunka fi kowa a zamaninsu, da anka buɗe takardu sai ga suna iri ɗaya: Hitler, Stalin, O'Malley. Daga baya masu bincike sun ɗora ma Moses kaso mai yawa na laifin. Mu ba mu wanke ko ɗaya cikinsu ba. O'Malley ya ci ribar ƙaunar mutane shekara da shekaru, ranar da ya ga wadda ta fi sai ya nuna takardar mallaka, kuma doka tana bayanshi, don ƙauna ba ta cikin takarda.

Amma ga lissafin da ba a cika son ji ba. Wasan ƙarshe a Filin Ebbets an yi shi ran 24 ga Satumba 1957, sunka ci Fitsbag 2 da 0. Mutum 6,702 kaɗai sunka zo, a filin da ke ɗaukar 32,000. Wasu fushi ya hana su, gaskiya ne. Sai dai tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu dubban iyalai sun riga sun kwashe kayansu. Gwamnati ta sauƙaƙa ma tsofaffin sojoji bashin gida, anka gina sababbin unguwanni a bayan gari kamar Lebitawun, waɗanda da farko ba a saida ma baƙar fata gida a ciki. Fararen Buruklin da sunka sami hali sunka sayi mota sunka koma can, suna kallon wasa a talabijin. Baƙaƙe daga kudancin Amurka da mutanen Fwato Riko sunka shigo gidajen da anka bari, wasu daga cikin masu ƙaurar kuma sunka fara cewa unguwar filin ta lalace. Jaridar garin, Brooklyn Eagle, ta rufe a 1955. Taragon lantarki da ya ba ƙungiyar suna ya daina yawo a 1956. Da yawa cikin masu kukan an ɗauke musu ƙungiya, su sunka fara tashi, suna so filin ya tsaya yadda sunka bar shi har ranar da marmari ya kawo su. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ƴan'uwa na Kano, Legas da Abijan, ba gori muke yi muku ba, mun san yunwa ke kora. Amma kun san yadda zuciya take yi in mutum ya komo bayan shekara biyar ya iske an sare iccen da ake hira ƙarƙashinshi, ya shiga tambayar wa ya bada izini, alhali ranar shawara ba ya nan.

Ran 23 ga Fabrairu 1960 anka fara rushewa. Ƙarfen da ke dukan bango an shafa mashi fenti kamar ƙwallon besbol. Ƴan mutane kaɗan sunka taru, har da Campanella cikin keken guragu, don hatsarin mota ya shanye mashi jiki a Janairu 1958. An ba shi ƙasar wurin da ya saba durƙusawa a cikin ɗan tulu. Kujeru da tubala anka saida ma masu son abin tunawa.

A can Los Anjalas ma wani dandali anka share kafin a gina sabon filin. Kwarin da ake ce ma Chavez Ravine unguwar mutane ce ƴan asalin Meziko. An tada yawancinsu a farkon shekarun 1950 da sunan za a gina gidajen talakawa, ba a gina ba. Waɗanda sunka rage, ƴan doka sunka fidda su da ƙarfi cikin Mayu 1959, katafila ta bi ta kan gidajensu, anka buɗe filin Dodgers a 1962. Su ma suna da jikoki masu bege, sai dai littattafan da anka rubuta a kansu ba su kai na Buruklin yawa ba.

Begen Buruklin kuwa ya zama sana'a. Littafin Roger Kahn na 1972, The Boys of Summer, wanda ya bi tsofaffin ƴan wasan gida gida ya ga yadda tsufa ya yi da su, ya tada shi sabo. Ƙungiyar Mets da anka kafa a 1962 ta ɗauki shuɗin Dodgers da ruwan lemon Giants, ta zauna Kwins, daidai inda Moses ya nuna tun farko. Sabon filinta na 2009 an yi fuskarshi da kamannin Ebbets, zauren shiga kuma da sunan Robinson. A 1997 an hana kowa sake ɗaukar lamba 42 a manyan ƙungiyoyi duka. Mahaɗar Atlantic da Flatbush, inda anka hana O'Malley, a 2012 an buɗe babban zauren ƙwallon kwando a gefenta, anka kafa tsohon sandan tuta na Filin Ebbets a ƙofar.

Inda filin yake kuwa, tun 1962 dogayen benaye ne na haya, gida fiye da 1,300, mazaunansu yawanci baƙar fata ne, da yawa daga tsibiran Karibiyan. A jikin bango akwai ɗan dutse da anka rubuta cewa nan ne Filin Ebbets yake a da. Tsofaffi sukan zo daga bayan gari da jikokinsu, su tsaya gabanshi a ɗauke su hoto, mutanen gidan na wucewa da kayan cefane.