Gulbin Argungu: Tarihin Matan Fada da Amanar da Aka Bar Mana

 Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu game da tarihin garinmu, na ga ya fi dacewa in bi tarihin ta bakin gulbi. Dalili kuwa shi ne, duk ɗan Argungu da ke zaune a Legas ko Kaduna ko Abuja, da zarar ya ambaci sunan garinsu, abin da za a fara tambayarsa shi ne bikin kamun kifi. Amma da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a birane ba su taɓa ganin Matan Fada ba sai a talabijin, balle su san abin da wannan ruwa ya yi wa kakanninsu.

Kabi da ruwa tun asali

Masana tarihi sun nuna cewa Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a wajen shekarar 1516, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai saboda saɓani a kan rabon ganima. Ya gina birninsa a Surame, wanda kufansa da ganuwarsa ta duwatsu suna nan har yau a cikin Jihar Sakkwato. Ƙarfin Kanta bai tsaya ga dawaki kaɗai ba, domin ƙasarsa ƙasar fadama ce mai shinkafa da kifi da kiwo, kuma ana ba da labarin wani babban jirgin ruwa da yake shiga idan gulbi ya cika. Saboda haka tun farkon fari Bakabe da ruwa ba su rabu ba. Daga baya hedikwatar daular ta koma Birnin Kabi, wato Birnin Kebbi ta yau.

Daga Birnin Kabi zuwa Argungu

A shekarar 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi. Wani ɓangare na gidan sarauta bai miƙa wuya ba, ya yi ta ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan, har aka tattaru a Argungu. Ana ma cewa sunan garin ya samo asali ne daga kiran da aka yi wa jama'a cewa a yi gungu, wato a haɗu wuri guda. Sarkin Kabi Karari ya rasa ransa a wannan gwagwarmaya a 1831, ɗansa Yakubu Nabame kuma ya yi shekaru masu yawa a Sakkwato a hannun Sarkin Musulmi, kafin ya dawo ya sake ɗaga tutar Kabi a 1849.

Daga nan aka shiga zaman gaba tsakanin Argungu da Sakkwato da Gwandu. An ɗan sami sararawa a zamanin Sarki Abdullahi Toga, wadda ake kira Lafiyar Toga, amma ba ta wuce 'yan shekaru ba aka koma gidan jiya, har zuwa zamanin Sarki Sama'ila, wanda ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915, Turawa suka tarar da shi a kan gado. A duk tsawon wannan lokaci gulbi da fadama suna cikin abin da ya kare garin, suka kuma ciyar da mutanensa a lokacin da fita nesa ke da hatsari. Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka shafe kusan shekara ɗari suna yaƙi da juna alƙiblarsu ɗaya ce, harshensu ɗaya, ruwan da ke bi ta Sakkwato kuma shi ne yake gangarowa ya wuce ta ƙofar Argungu.

Ziyarar 1934

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci Argungu, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Da ake tunanin abin da za a karrama babban baƙo da shi, sai aka zaɓi a nuna masa abin da Kabawa suka fi kowa iyawa. Masunta suka faɗa ruwa da homa da gora, suka fito da manyan giwan ruwa. Wannan rana ita ce tushen bikin da duniya ta sani a yau, wanda Hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun ɗan Adam da ake alfahari da su a 2016. Ya kamata mu riƙa gaya wa yaranmu cewa bikin nan da sulhu aka fara shi, kuma jikokin mayaƙa ne suka zauna a inuwa ɗaya suna kallon ruwa. Wanda ya san haka ba zai riƙe ɗan'uwansa da gaba a kan gona ko siyasa ba.

Hikimar hana kamu

Baƙo yana ganin sa'a guda ce kawai, daga tashin bindiga zuwa auna kifi. Abin da ba ya gani shi ne watannin da aka yi ana jira. A al'adarmu Matan Fada ruwa ne da ake hana kamu a cikinsa sai ranar da aka buɗe shi, kuma Sarkin Ruwa da Homa su ne masu tsaron wannan doka a madadin Sarki. Tun kafin 1934 akwai gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda ke nuna lokacin da aka halatta shiga. Gaskiya ne wasu daga cikin abubuwan da ake yi a da sun haɗa da al'adun da addini bai yarda da su ba, kuma malamai sun yi aikinsu a kan haka. Amma hikimar da ke ƙarƙashin dokar tana nan daram, wato a bar kifi ya hayayyafa ya girma, a kuma buɗe wa mai ƙarfi da mara ƙarfi rana ɗaya.

Kakana na wajen uwa masunci ne. Ina yaro nakan bi shi gulbi bayan sallar asuba, kuma ban taɓa ganin ya jefa homa bai ambaci sunan Allah ba. Wata rana na kama wata 'yar ƙarfasa da ba ta kai tafin hannuna ba, na zo ina murna. Ya dube ta ya ce, "Maishe ta ruwa, wagga ta baɗi ta." Na yi kuka, bai kula ni ba. Idan mun dawo gida kuwa, kafin a kai kasuwa sai ya ware na maƙwabta, da na wata tsohuwa da mijinta ya rasu, da na malaminmu na allo. Bai bar dukiya ba da ya rasu, amma unguwarmu ba ta ɗauki mutanen da suka zo jana'izarsa ba. Na yi shekara fiye da talatin ina aikin gwamnati a birni, kuma har yanzu da wannan ma'auni nake auna rayuwata, sau da yawa in ga ban kai shi ba.

Halin da gulbi ke ciki

Ruwan da ya riƙe kakanninmu ya canza. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, sa'annan ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984. Madatsun sun amfani manoman rani, amma sun sauya yadda ambaliyar damina ke malala cikin fadama, alhali a cikin wannan malala ne kifi ke ƙwai, shinkafar gargajiya kuma ke samun ruwa. Ga yashi da ke cike gulbi saboda sare itatuwan gaɓa, ga raga mai ƙananan idanu da ba ta barin ko ɗan tsaki, ga masu zuba maganin ƙwari a ruwa don su kwashi kifi a dare ɗaya. Bayan bikin 2009 sai da aka yi shekara goma ba a sake yin wani ba, sai a watan Maris na 2020. A wannan shekarar kuma ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. Wani lokaci ruwa ya yi kaɗan, wani lokaci ya zo gaba ɗaya.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Akwai injiniyoyi a cikinmu, da malaman jami'a, da 'yan kasuwa, da masu faɗa a ji a gwamnati, kuma yawancinmu da kuɗin kifi da shinkafa aka kai mu makaranta. Ina ba ƙungiyarmu shawara ta ware wani kaso na gudummawar shekara don dasa itatuwa a gaɓar gulbi, ta mara wa masarauta baya wajen hana mugun kamu, ta kuma naɗi maganar dattawan masunta tun suna raye, domin sunayen kifaye da na wuraren ruwa suna tafiya tare da su. Kowane magidanci kuma ya yi ƙoƙari ya kawo iyalinsa gida ko sau ɗaya a shekara, ya kai su gidan tarihi na Kanta, ya tsaya da su a bakin Matan Fada ya ba su wannan labari. Ruwa amana ce, kuma za a tambaye mu yadda muka karɓe shi da yadda muka bar shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Kabi, Ya bar mu da zumunci. Amin.